Kwana 35 ko kwana 1.7? Muhawara a zauren malaman kimiyya na Kebbi

Ɗalibar Aliero: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman taimako a kan furojet ɗina na ajin ƙarshe. Batun tagwayen taurari ne masu fitar da hasken eksire, wato tauraro mai rai da gawar tauraro suna kewaya juna. Gawar, ko dai tauraron nutiron ce ko baƙin rami, tana zuƙar gas daga jikin abokin zamanta, gas ɗin ya yi zafi har ya fitar da eksire. Abin da nake so in nuna shi ne ana iya raba su gida biyu da tsawon zagayensu kaɗai: wanda zagayensa bai kai kwana ɗaya ba abokin zamansa ƙaramin tauraro ne, wanda ya wuce kwana ɗaya kuma abokin nasa ƙato ne. To na sauko da bayanan ɗaya daga cikin tagwayen, Hercules X-1, na tauraron ɗan'adam Swift, na sa a kwamfuta don in gano tsawon zagayensa, ta ba ni kwana 35. Littafi kuma ya ce kwana 1.7. Wanne zan rubuta?

Malamin Fiziks, Argungu: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, rubuta na littafi ki huta. Ita kuwa ƙa'idar taki ban ga aibunta ba. Duba ki gani. Scorpius X-1 awa 18.9 ne, abokinsa bai kai rabin nauyin rana ba. A0620-00 awa 7.75, shi ma ƙaramin tauraro ne. Ki ƙetara kwana ɗaya: Centaurus X-3 kwana 2.09, Cygnus X-1 kwana 5.6, Vela X-1 kusan kwana 9, dukkansu da ƙattin taurari shuɗaye suke zaune. Dalilin kuwa masanin taurari Kepla ya gama mana shi tun 1619, da dokarsa ta zagaye da nisa. Ƙaton tauraro yana bukatar fili, dole gawar ta yi nesa da shi, in ta yi nesa kuwa zagaye ya daɗe. Mene ne na wahala a nan?

Dakta, Birnin Kebbi: Malam, sannu da ƙoƙari, amma kada ta jefar da 35 ɗin nan. Kwamfutarta ba ta yi mata ƙarya ba. Hercules X-1 agogo uku gare shi, kowanne da abin da yake aunawa.

Na farko daƙiƙa 1.24. Wannan juyin tauraron nutiron ne a kan kansa, duk juyi ɗaya haskensa ya share mu sau ɗaya. Na biyu kwana 1.7, shi ne zagayen da kike nema. Na uku kwana 35. Gas ɗin da ake zuƙowa ba ya faɗawa kan gawar kai tsaye, yana taruwa ne ya zama faifai a kewayenta. Faifan na Hercules X-1 a karkace yake, yana kuma lilo, sai ya tare mana haske na wasu kwanaki ya sake buɗewa. Wannan rufewa da buɗewa ita ta fi ƙarfi a bayanan da kika sauko da su, shi ya sa ta fara fitowa.

Tambayar da ya kamata ki yi ita ce, ta yaya aka san 1.7 ne zagayen ba 35 ba? Hujja biyu ce. Duk kwana 1.7 eksire yana ɗaukewa ɗif na 'yan awoyi, saboda abokin zaman, HZ Herculis, ya shiga tsakaninmu da gawar. Husufi ke nan. Sannan bugun nan na daƙiƙa 1.24 yana iso mana da wuri idan gawar tana ɓangaren da ke kusa da mu, yana makara idan ta koma can baya, don haske ma tafiya yake yi. Bambancin daƙiƙa 13 ne gaba, 13 baya, kuma yana maimaituwa duk kwana 1.7. Lilon faifai ba ya iya makarar da bugu haka.

Mai Hoton Asibiti, Zuru: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni kullum da eksire nake aiki, sai mun sa rigar dalma mun koma bayan bango. Wanda kuke magana a kai yana sauko mana nan ƙasa ne? Da wace na'ura ake ganinsa?

Dakta, Birnin Kebbi: Hajiya, iri ɗaya ne da naki, amma ba ya isowa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun daga sama. Shi ya sa ba a san da waɗannan abubuwa ba sai 1962, lokacin da Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka a Amurka ɗauke da na'ura, ta leƙa sama na 'yan mintoci, ta dawo da labarin Scorpius X-1. Aikin da ya ba shi kyautar Nobel ke nan a 2002. Tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki, Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1970. Shi ne ya gano bugun Centaurus X-3 na daƙiƙa 4.8 a 1971, aka kuma ga bugun yana makara da kusan daƙiƙa 40 yana dawowa duk kwana 2.09. Daga nan aka tabbatar biyu ne suke kewaya juna.

Mai Hoton Asibiti, Zuru: To alhamdu lillahi, ba sai na kai rigar dalma gida ba.

Malamin Fiziks, Argungu: Dakta, na ji batun agogo uku, ba ni da ja. Amma ba ka taɓa ƙa'idar ba. Hercules X-1 kwana 1.7 ne, ya ƙetare kwana ɗaya, abokinsa kuwa ya fi rana nauyi. Ka ga ya bi layi.

Dakta, Birnin Kebbi: HZ Herculis ninki biyu ne kacal na nauyin rana, Malam. Waɗanda ake kira ƙattai daga wajen ninki goma suke farawa zuwa sama. Wannan a tsakiya yake, har wasu sun ware wa irinsa gida na uku. Amma bar shi, ga waɗanda suka fi shi ɓarna.

GRS 1915+105, wanda aka gano a 1992. Zagayensa kusan kwana 34. A ƙa'idarku sai a ce ƙato ne ya zauna da baƙin ramin. Abokin nasa bai kai nauyin rana ba. Tsoho ne da ya kumbura. V404 Cygni kwana 6.5, ya fi Cygnus X-1 tsawon zagaye, shi ma abokinsa bai kai rana ba. Ka juya ɗaya ɓangaren: Cygnus X-3 awa 4.8 ne, ya fi Scorpius X-1 sauri nesa ba kusa ba, amma a gidan ƙattai aka sa shi, domin abokinsa babban tauraro ne da ya zubar da rigarsa ta haidirojin, ya saura ƙwayar hiliyom mai tsananin zafi. Ba shi da faɗi, don haka gawar ta matso kusa.

Inda ƙa'idar take tuntuɓe shi ne tana ɗaukar faɗi da nauyi abu ɗaya. Zagaye yana gaya maka filin da ke tsakani. Rabon gidajen kuwa da nauyi aka yi shi.

Malamin Fiziks, Argungu: Uku ka kawo. Ni in ka ba ni dama zan jero maka talatin da suka bi. Ba a rushe gini don bulo uku sun karkace.

Injiniya, Yauri: Malam, ai ba uku ba ne kawai, Cygnus X-2 ma yana nan, kwana 9.8 da ƙaramin aboki. Kuma furojet take yi, ba jarabawar WAEC ba. Ranar kare furojet, mai tambaya waɗannan zai fara ɗaukowa.

Baba Mai Ritaya, Jega: Salamu alaikum. Ni tsohon safiyo na, taurari mun san su don neman arewa, ba wanga zurfi ba. Amma ina bin ku tun ɗazu. Dakta, in zagayen bai raba gardama, to mi ya sa sunka ɓata shekaru suna auna shi? Mi shika faɗa maka tsakani da Allah?

Dakta, Birnin Kebbi: Baba, Allah ya ƙara lafiya, tambayar taku ita ce zuciyar maganar. Abin da yake faɗa ya fi abin da Malam yake nema a wurinsa daraja.

Kowane ɗaya daga cikin biyun yana da iyakar da ƙarfin jansa yake da iko. Idan tauraro mai rai ya cika tasa iyakar fal, har gas ya fara tsiyaya zuwa ga gawar, to akwai lissafi mai daɗi: a ɗauki 110, a raba da tsawon zagaye a awoyi, a sake rabawa da shi. Abin da ya fito shi ne kusan giram nawa ke cikin kowane santimita kubik na jikin tauraron. Ba ka bukatar sanin nisansa ko nauyinsa. Ruwa 1 ne, rana 1.4.

Mu gwada. A0620-00, awa 7.75: ya ba da 1.8, kusa da rana, tauraro ne irin na yau da kullum. Scorpius X-1, awa 18.9: wajen 0.3, ka ga ya fara kumburi, ya kama hanyar tsufa. GRS 1915+105, sama da awa 800: bai kai 0.0002 ba. Iskar da muke shaƙa 0.0012 ce. Wato a matsakaici jikinsa bai kai iskar ɗakinku kauri ba, Baba.

Sai wanda na fi so, 4U 1820-30, a cikin dunƙulen taurari NGC 6624. A 1987 aka bayyana zagayensa daga bayanan tauraron EXOSAT na Turai: daƙiƙa 685, minti 11 da 'yan kai. Ku sa a lissafin, zai ba ku kusan 3,000. Babu tauraro mai ƙona haidirojin da yake da wannan matsi. Dole abokin ya zama shi ma ragowa ne, farar wadar tauraro ta hiliyom. Tsakaninsu kilomita 130,000 ne ko kusa da haka, alhali daga nan zuwa wata kilomita 384,000 ne. Duk wanda zagayensa ya gaza minti 80 ana sa shi a gidan matsattsu, kuma a nan kam zagayen shi kaɗai ya isa hukunci.

Baba Mai Ritaya, Jega: Minti 11! Kahin in gama shan hura sun kewaye juna. Allahu akbar.

Malamin Fiziks, Argungu: To ka gani, Dakta, da bakinka ka ce akwai inda zagaye shi kaɗai ya isa. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Dakta, Birnin Kebbi: A ƙasa da minti 80, e. A kwana 2 zuwa kwana 40 kuwa kowa da kowa yana nan, ƙato da ƙarami mai kumburi. Kuma lissafin 110 ɗin ma yana da sharaɗi. Vela X-1 ba tsiyaya yake ci ba, guguwar gas da ƙaton abokinsa yake furzarwa ita yake kamawa. A irin wannan, lissafin bai ɗaure tauraron ba.

Ɗalibar Aliero: Dakta, to in haka ne da me zan haɗa zagayen don rabon ya fito? Malamin da ke duba aikina yana son ya ga zane, ba jerin sunaye ba.

Dakta, Birnin Kebbi: Akwai zanen da aka daɗe ana amfani da shi, na Robin Corbet, daga tsakiyar shekarun 1980. Na gidan ƙattai ne masu tauraron nutiron mai bugu. Ki sa tsawon zagaye a kwance, tsawon juyi a tsaye. Za ki ga sun rabu uku da kansu.

Masu cin tsiyaya ta faifai, irin Centaurus X-3 da SMC X-1, suna ƙasa ta hagu: zagayen 'yan kwanaki, juyin 'yan daƙiƙoƙi ko ƙasa da haka, SMC X-1 ma daƙiƙa 0.7 ne a zagayen kwana 3.9. Faifan ne yake ƙara musu gudu. Masu cin guguwa suna sama: Vela X-1 juyinsa daƙiƙa 283. Sai waɗanda ke tare da taurarin da ake kira Be, masu saurin juyi har suna zubar da gas a kewayen ƙugunsu. Su nasu zagayen dogo ne, galibi kuma ba da'ira sosai ba, sai gawar ta matso kusa take samun abinci ta haska. A cikinsu, gwargwadon tsawon zagaye gwargwadon jinkirin juyi: A0535+26 kwana 111 da daƙiƙa 103, X Persei kwana 250 da daƙiƙa 837. Wannan layi da suke bi shi ne abin sha'awa a zanen.

Shawarata, ki sauya tambayar furojet ɗin. Ki nuna inda zagaye yake iya hukunci shi kaɗai da inda yake bukatar mai shaida.

Injiniya, Yauri: Ƙanwata, kafin zane, bari in ja miki kunne a kan auna zagayen kansa, don nan ne kwamfuta take yaudarar mutum. Hanyar da kika bi, in na canka, Lomb-Scargle ce, wadda aka yi don bayanan da ke da giɓi. Tana da kyau, amma ba ta san bambancin agogon tauraro da agogon mai kallo ba. Mutumin da ba ya zuwa kasuwa sai ranar da take ci, in kullum ya tarar da mai shago ɗaya a wurin, zai iya rantsuwa sati-sati mai shagon yake fitowa, alhali kullum yana nan. Haka madubin hangen nesa na ƙasa yake, da dare kawai yake kallo, sai kwana ɗaya ya shiga lissafin ya haifi zagayen ƙarya a gefen na gaskiya. Rana kuma tana tare kowane yanki na sama na wasu watanni, sai shekara ma ta shiga. Na'urar MAXI ta Japan da ke kan tashar sararin samaniya tun 2009 tana share sama sau ɗaya duk wajen minti 92. Kada ki sa ran ganin minti 11 a irin wannan kallo cikin sauƙi.

Abin yi: duk lambar da ta fito, ki naɗe bayanan a kanta, wato ki yanka su gwargwadon tsawonta ki jera su kan juna, ki ga ko siffar tana tsayawa. Ki raba bayanan biyu, shekarun farko da na baya, ki ga ko duka sun ba da abu ɗaya. Ki kuma gwada ninkinta da rabinta, domin tauraron da jan gawar ya mayar da siffarsa kamar ƙwai yana ƙara haske sau biyu a zagaye ɗaya, sai a ɗauki rabi a ce shi ne duka.

Dakta, Birnin Kebbi: Injiniya ya yi gaskiya, kuma manya ma abin yana ba su wuya. Scorpius X-1 ya fi kowa haske a eksire in an cire rana, amma shekara 13 aka yi ba a san zagayensa ba, don ba ya bugu, ba ya husufi. Sai a 1975 wasu masana uku a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tono tsofaffin faifan hoton sama na gilashi da suka faro tun 1889, suka tace ɗan sauyin hasken da ke ciki, suka fitar da kwana 0.787.

Mai Hoton Asibiti, Zuru: Ni har yanzu baƙin ramin nan ne ya tsaya mini a rai. Abin da ba ya fitar da haske, wa ya ɗora shi a sikeli har aka ce rami ne ba nutiron ba?

Dakta, Birnin Kebbi: Abokin zamansa ne yake tona masa asiri, Hajiya. Ana warware hasken tauraro mai rai zuwa launukansa, a ga layukan da ke ciki suna gusawa wajen shuɗi idan yana tahowa, wajen ja idan yana komawa. Daga nan a san gudunsa. Gudun da tsawon zagaye su biyu sun isa su ba da mafi ƙarancin nauyin da abin ɓoyen zai iya kasancewa, ko da ba a san yadda da'irar ta karkata ba. Tauraron nutiron ba ya iya wuce wajen ninki uku na rana, sai ya rufta. A 1992 aka auna V404 Cygni: kwana 6.5, gudu sama da kilomita 200 a daƙiƙa, mafi ƙarancin nauyi sama da ninki 6. Nan gardama ta mutu. Na Cygnus X-1 ya fi jan lokaci, don nasa lissafin ya rataya a kan sanin nauyin ƙaton abokin, tun awon farko na 1971 da 1972. Shi ne wanda masanin fiziks Stephen Hawking ya yi caca a kansa da takwaransa Kip Thorne a 1974 cewa ba baƙin rami ba ne, bai sallama ba sai 1990. Awon 2021 ya sa shi wajen ninki 21 na rana.

Baba Mai Ritaya, Jega: Caca dai ba kyau, amma na ji daɗin da ya sallama. Ɗiyata ta Aliero, Allah shi yi maki albarka, in kin gama zanen ki aiko muna shi nan. Da takardar giraf munka yi aiki shekaru, zan iya karanta shi.

Ɗalibar Aliero: Amin Baba, in sha Allahu. Dakta, tambaya ɗaya ta rage. A zanen Corbet ina zan sa Cygnus X-3?

Dakta, Birnin Kebbi: Ba ya shiga. Ba a kama masa tabbataccen bugu ba, don haka babu abin da za ki sa a tsaye, kuma masana ba su gama daidaitawa a kan ko nutiron ne ko ƙaramin baƙin rami ba. Cygnus X-1 ma ba ya shiga, baƙin rami ba ya bugu. Ki yi musu tebur daban.

Malamin Fiziks, Argungu: Ku dai ku yi ta tebur. Ni yaran SS3 gare ni, minti 40 ne darasi, rabinsu ba su gama yarda da dokar Kepla ba. Ƙa'idar kwana ɗaya zan ci gaba da ba su, in rubuta GRS 1915+105 da Cygnus X-3 a gefen allo in ce waɗannan 'yan tawaye ne. Amma Dakta, lissafin 110 ɗin nan na ɗauke shi, zai shiga aikin gida na ranar Litinin. Injiniya, turo mini lambobin awoyin guda biyar a gefe, datata ta kusa ƙarewa.

Injiniya, Yauri: An gama, Malam. Zan haɗa da na Cygnus X-2, 'yan tawayen naka su zama uku.